Ɗanyen kifi: wane sushi zan fara da shi?

Malam, ka ce abokan aiki sun gayyace ka gidan abincin Japan, ɗanyen kifi yana ba ka tsoro, kana son sanin wane sushi, wato abincinsu na shinkafa da kifi, za ka fara da shi.

Ni dai nigirin kifin salmon ne gwanina. Ɗan dunƙulen shinkafa ne da aka cakuɗa da ruwan khal, a shimfiɗa yankan kifi a kai. Naman yana da maiƙo da laushi, in sabo ne ba ka jin ƙarni ko kaɗan. Da can mutanen Japan ba sa cin salmon ɗanye, 'yan Norway ne suka tallata musu shi tun shekarun 1980. In aljihu ya yarda, nemi otoro, wato tsokar cikin kifin tuna mai kitse. Tana narkewa a baki kafin ka tauna, wallahi daɗinta daban ne.

Juya nigirin ka tsoma gefen kifin a miyar waken soya, in ka tsoma shinkafar za ta wargaje. Wasabi kuwa, wato koren yajin da ake kawowa tare da shi, ɗan kaɗan, yajinsa hanci yake bugawa.

In zuciyarka ta ƙi ɗanye, akwai na dafaffen jatan lande da na ƙwai. Sai dai ka tambaya ko an sa mirin, wani ruwan ɗanɗano da ake yi da shinkafa, domin yana da giya a ciki.

Don Allah kada ka gwada da tarwaɗa ko karfasa a gida, kifin kogi yana ɗauke da tsutsotsi. Ko na teku ma, ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce a daskarar da shi a sanyin digiri -20 na ma'aunin Celsius na awa 24 kafin a ci ɗanye. Mai juna biyu ta haƙura da ɗanyen kifi.