Motar Lantarki a Jidda: Akwai Sauƙi, Amma a Ina Za Ka Yi Caji?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Jidda amma a Makka nake aiki, kullum sai na je na dawo, kusan kilomita 160 ke nan. Kuɗin fetur ya fara yi mini nauyi, ga motar ta tsufa. Ina so in sayar da ita in cika kuɗi in sayi mai lantarki, amma abin da na daɗe ina tarawa ne, ina tsoron in zuba shi inda zan yi da-na-sani. Haya nake a hawa na biyu na wani tsohon gini, motata a bakin titi take kwana. Wani ɗan uwana ya ce ba komai, a zuro doguwar waya ta taga a jona kamar yadda ake cajin wayar hannu, har ya ce ya san mai gyaran wuta da zai haɗa mini a kuɗi kaɗan. Da gaske akwai sauƙi? Kuma batirin zai jure zafin ƙasar nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Tsoron da kake yi yana kan hanya, kuma gara da ka tambaya tun kuɗin suna hannunka.

Mu fara da lissafi. Litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce, farashin da gwamnati ta tsayar tun watan Yulin 2021. Kilomita 160 a kwanakin aiki 26 ya ba ka kilomita 4,160 a wata. In motarka tana shan lita 7 a kilomita ɗari, kana kashe kusan riyal 635. Motar lantarki matsakaiciya, da mukayyif (na'urar sanyaya iska) a kunne da abin da ke salwanta wajen caji, ka sa mata yunit 20 a kilomita ɗari. Wutar gida halala 18 ce kowane yunit (halala ɗari ne riyal ɗaya) muddin ba ka wuce 6,000 a wata ba, in ka wuce ta koma halala 30. Tafiyarka ta wata yunit 832 ce; da harajin kashi 15 cikin ɗari, kusan riyal 172 ke nan. Rarar ta kai riyal 460 a wata, wajen 5,500 a shekara. Ga shi babu canjin baƙin mai, birki kuma yana daɗewa. A ɗaya ɓangaren, nauyin batir yana cinye taya da wuri, inshora takan fi tsada, kuma darajar motar tana faɗuwa da sauri ranar da ka tashi sayarwa. Ka ɗauki bambancin farashi tsakanin mai lantarki da takwararta mai fetur ka raba da 5,500, za ka ga shekarun da za ka yi kafin kuɗinka su dawo. Wanda yake ɗan zagayen cikin gari ba zai ga ribar ba a ƙasar da fetur ke da arha haka. Kai da kake doguwar tafiya kullum kana cikin waɗanda take yi wa amfani.

Batir kuwa, zafi yana tsufar da shi, musamman in an cika shi maƙil an bar shi a rana, ko ana yawan yi masa caji mai sauri yana da zafi. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 51, saboda haka ka nemi motar da ake sanyaya batirinta da ruwa. Abin da na fi so ka duba shi ne garanti. Kamfanoni da yawa suna ba da shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika. Mutane suna jin shekara 8 su yi murna. Kai kana cin kusan kilomita 50,000 a shekara, ke nan a shekara uku da 'yan watanni naka ya ƙare. Ka karanta adadin kilomitar da ke takardar kafin ka sa hannu. Ka kuma saya a wakala, wato wurin wakilin kamfanin motar. BYD na da wakili a ƙasar nan, Tesla ta buɗe a Riyad a 2025, Lucid tana haɗa motoci a birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah tun 2023. Waɗanda dillalai ke shigowa da su daga kasuwar cikin gida ta Sin, bakin cajinsu daban yake da na tashoshinmu, kuma ranar da batir ya yi ciwo babu wanda za ka riƙe.

Yanzu ga maganar ɗan uwan naka, wadda ita ce ta fi damuna a duk wasiƙar, domin kusan kullum sai wani ya zo mini da ita. Duk lissafin da na yi maka a sama ya rataya ne a kan cajin gida, kuma wayar da za a zuro ta taga ba cajin gida ba ce, hanyar gobara ce.

Cajar da ke zuwa da mota tana jan kusan amfiya 10 (ma'aunin yawan wutar da ake ja) daga soket, wato kilowat 2.3. Tafiyarka ta yini tana bukatar yunit 32. Raba ka gani: awa 14. Ba ka ma da awa 14 a gida tsakanin dawowa da fita. Amma a ce kana da su. Daidai yake da ka kunna butar lantarki ka hana ta mutuwa daga magariba har hantsi, yau da gobe da jibi. Soket ɗin bango an rubuta masa amfiya 13, amma an yi shi ne don abin da ke ja ya huta. In ya daɗe yana ɗauke da nauyi, ƙarfen da ke riƙe filogi yana zafi ya saki, in ya saki zafin ya ƙaru, robar ta fara narkewa. Mutane suna cewa ai akwai bireka. Bireka tana faɗuwa ne in wuta ta wuce kima, ita kuwa wannan ba ta wuce ba, mahaɗar ce ke dahuwa a hankali cikin bango, ƙarfe uku na dare, yara suna barci. Ƙara da doguwar waya ta riyal kaɗan, siririya, wani lokaci ma a naɗe, ta ratsa taga ta sauko kan hanyar da mutane ke bi zuwa sallar Asuba. Ga mukayyif biyu ko uku suna kan layin da aka ja tun kafin a haifi wasu 'ya'yanka.

Sannan mai gyaran wutar nan na kuɗi kaɗan, na san abin da zai yi. Tsofaffin gine-gine da yawa ba su da wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta yi yoyo cikin ƙasa don kada ta kama mutum. Cajar kirki in ba ta ji wayar ƙasa ba sai ta ƙi aiki, ta kunna jar fitila. Wannan ƙin shi ne kariyarka. Shi kuwa gwanin naka sai ya ɗauko guntuwar waya ya haɗa gurbin ƙasa da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta), fitila ta koma kore, ya karɓi kuɗinsa ya tafi ana sa masa albarka. Ranar da nutural ta tsinke a wani wuri, wutar lantarki ta bi jikin motar gaba ɗaya. Abin da ya fi muni, a gidajen da har yanzu suke kan tsohon tsarin wuta mai volt 127/220, ana samun 220 ɗin ne daga layi biyu masu wuta duka, babu nutural a soket ɗin sam. In ya yi dabararsa a irin wannan gida, daga minti na farko ya jona ƙarfen motarka da wuta. Motar kuma tana bakin titi, inda yaron maƙwabci zai jingina da ita ba takalmi. Ina jin takaicin yadda mutum zai ƙirga dubban riyal ya sayi mota, sannan ya miƙa ransa ga wanda ba shi da lasisi don ya rage 'yan ɗaruruwa. Kuma ba ranka kaɗai ba ne. Ginin nan akwai tsofaffi, akwai mata masu jego, akwai baƙin da suka zo Umra suka sauka wurin 'yan uwa. Addininmu ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma ba wanda ya nemi izininsu kafin ya rataya musu wannan haɗari a taga. In wuta ta tashi, "ban sani ba" ba za ta wanke ka a wurin hukuma ba, balle a gaban Allah.

Cajin gida na gaskiya caja ce ta bango mai kilowat 7, da layinta na kanta daga mita, waya mai kaurin da zai ɗauki amfiya 32, wayar ƙasa da aka auna aka tabbatar, da na'urar da ke katse wuta in ta yi yoyo. Da ita, awa biyar ta mayar maka da abin da ka ci a yini. Tana bukatar wurin ajiye mota naka na kanka, da yardar mai gida, da ɗan kwangila mai lasisi, da sanin kamfanin lantarki don a duba ko mitarka za ta ɗauka. Na san zirga-zirgar tana gajiyarwa, wani mai gidan ma da ya ji kalmar caja sai ya ce a'a bai saurari bayani ba. Duk da haka ba a tsallake ta.

In hakan bai samu ba, saura tashoshin waje. EVIQ, kamfanin da asusun zuba jari na gwamnati da kamfanin lantarki suka kafa a 2023, yana da burin kafa caja 5,000 zuwa 2030, amma caji mai sauri ba a farashin gida yake ba, zai cinye wani kaso na rarar nan ta 460, ga zaman jira. Tafiyar Madina, sama da kilomita 400 a guje da mukayyif, sai ka tsara inda za ka tsaya tun kafin ka fita.

Saboda haka a halin da kake ciki, kada ka saya tukuna. Ka fara tambaya ko akwai caja a wurin aikinka a Makka inda motar ke yini, ka kuma yi magana da mai gidanku. In duka biyun ba su yiwu ba kuma tsohuwar motar ba za ta jira ba, ka duba haibirid, wadda ke haɗa fetur da batir ba tare da jonawa ba. Mai lantarki sai ka koma gidan da ke da gareji.