Tambayoyi da Amsoshi: Sauraron Opera ta Rediyo a Wayar Hannu

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya, kuma na karanta cewa akwai wani gidan opera (wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa) a Amurka da ake watsa wasanninsa kai tsaye ta rediyo duk ranar Asabar. Na laluba rediyon FM na wayata daga farko har ƙarshe ban samu ba. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau. Zangon FM ba ya wuce 'yan gomman kilomitoci daga inda aka kafa eriyar tashar, saboda haka ba zai tsallako teku ya iske ka a Zariya ba. Gidan da kake nufi shi ne Metropolitan Opera na birnin New York, wanda ya fara wannan shiri ranar 25 ga Disamba, 1931, kuma har yau ana yinsa daga watan Disamba zuwa wajen tsakiyar shekara. Ka nemi tashar WQXR ta birnin New York, wadda ke watsa shirin, ta intanet. Galibi ana farawa da ƙarfe 1 na rana agogon New York, wato ƙarfe 7 na yamma a Najeriya da Nijar, amma daga Lahadi ta biyu a watan Maris, lokacin da Amurkawa ke tura agogonsu gaba da awa guda, sai ya koma ƙarfe 6.

Tambaya: Malam, idan ina sauraron opera a BBC Radio 3, wani lokaci sautin yakan yi ƙasa har ba na jin komai, can kuma sai ya ɓarke da ƙarfi. Na sauke manhajar ƙara ƙarfin sauti, yanzu kuma muryoyin sun koma karkarwa. Wace manhaja ce ta fi kyau?

Amsa: Malama, babu wadda ta fi kyau, kuma ina roƙonki da ki goge wadda kika sauke tun kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa. Wannan al'amari yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan duk wanda ya kawo mini ƙorafin sifikar wayarsa ta fashe, idan na bincika sai na tarar da irin wannan manhaja a ciki.

Abin da kika ɗauka matsala ce, haka aka tsara wasan. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa da waƙa tare da ƙungiyar makaɗa, ya samo asali a Italiya wajen shekara ta 1600, kuma mawaƙansa sun saba rerawa ba tare da na'urar ƙara murya ba, ko da a zaure mai kujeru kusan 3,800 irin na New York. Akwai wurin da mawaƙiya ɗaya za ta sassauta murya kamar mai raɗa, akwai wurin da makaɗa da 'yan amshi za su tashi gaba ɗaya. Tashoshin da muka saba ji suna matse sautinsu, su ɗaga na ƙasa su danne na sama, har komai ya zo daidai wa daida domin a ji shi a cikin mota ko a kasuwa. Tashoshin da ke watsa opera ba sa matsewa sosai, saboda wannan tazara tsakanin raɗa da tsawa wani ɓangare ne na abin da mai shirya waƙar ya rubuta.

Ita kuwa manhajar, abin da take yi shi ne tura sautin ya wuce iyakar da wayar za ta iya fitarwa. Da zarar ya kai wannan iyaka sai a yanke ƙololuwar sautin, kuma wannan yankewa ita ce karkarwar da kike ji. Ƙaramar sifikar waya tana shan wahala a haka har ta lalace, amma ita ana iya sauya ta da kuɗi kaɗan. Abin da ya fi damuna shi ne kunnenki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba, kuma lokacin yana raguwa da sauri idan ƙarfin ya ƙaru. Mai ƙure sauti domin ya ji wurin raɗa, da iyafis a kunne, shi ne zai sha tsawar da ke biye ba shiri, alhali ƙwayoyin ji na cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa.

Ga abin da nake yi, kuma shi nake so ki riƙa yi. Ki bar sifikar waya, ki samu abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya, ki zauna a ɗakin da babu ƙarar janareta ko fanka. Ki daidaita sautin a lokacin tafi ko lokacin da makaɗa suka tashi duka, ki tsayar da shi inda ba ya damun kunnenki, sannan ki cire hannunki daga maɓallin har a gama. Idan wayarki ta yi miki gargaɗi cewa sautin ya yi yawa, ki saurare ta.

Tambaya: Nawa ne datar da wasa ɗaya zai ci?

Amsa: Tashar da ke watsawa a kan kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 58 a awa, saboda haka wasan awa 3 zai ci wajen megabait 175. Idan na Wagner ne, wato Bajamushen mai shirya opera da aka sani da dogayen wasanni, ka tanadi datar awa 5. Wannan lissafin na sauti ne zalla, ban da bidiyo.

Tambaya: Da zarar fuskar wayata ta yi duhu sai shirin ya yanke bayan 'yan mintuna, ga shi ina so in saurari buɗe kakar wasanni ta gidan opera na La Scala da ke birnin Milan ranar 7 ga Disamba a tashar Rai Radio 3 ta Italiya.

Amsa: Tsarin tattalin batir ne ke kashe manhajar da kake sauraron rediyon da ita. Ka shiga saitin batir, ka cire ta daga jerin waɗanda ake taƙaitawa, ka kuma jona caji tun kafin a fara.