Amsa: Shirin da ma'aikatan laburare za su iya riƙewa

Malam, kana tambaya yadda za ka rubuta shirin kwamfuta na gyara bayanan littattafai wanda abokan aikinka za su iya ci gaba da shi ko ba ka nan. Ka rubuta shi da Python, wani harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, ka karanta fayilolin MARC (tsarin da laburare ke adana bayanan littattafai a kwamfuta) da pymarc, kayan aikin Python da aka yi don haka, kuma kowane shiri ya yi aiki ɗaya tak. Mai gyara lambar ISBN (lambar shaidar littafi) a fili na 020 na MARC daban, mai tsaftace sunan littafi a 245 daban.

Sharaɗina ɗaya ne. Kafin ka ɗora shi a GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan shirye-shirye, ka miƙa wa mai aikin katalogi takardar bayanin yadda ake amfani da shirin, ka ja bakinka ka yi shiru, ta gudanar da shi da kanta. Duk inda ta cije, nan bayaninka ya gaza. Na sha ganin shiri mai kyau ya mutu don kawai mai shi ya bar aiki, musamman bayan an daina kula da Python 2, tsohuwar sigar Python, a 2020, aka rasa mai iya taɓa shi. Saboda haka ka rubuta sigar Python ɗin da ka yi aiki da ita a farkon takardar.