Mutuwa da ɗan koyonta a dandamali

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasan barkwanci a kan Mutuwa da ɗan koyonta zai karɓu a dandamali. Ƙwarai kuwa. Littafin Mort na Terry Pratchett ya fito a Ingila a 1987, daga baya Stephen Briggs ya mayar da shi wasan kwaikwayo. A cikin labarin, Mutuwa ta ɗauki wani saurayi mai suna Mort koyon aiki. Da aka tura shi ɗauko ran gimbiya Keli, sai zuciyarsa ta karye, ya cece ta, al'amura suka dagule.

Shawarata, mai fitowa a Mutuwa kada ya nemi ba da dariya da gangan. Ya tsaya ƙiƙam cikin baƙar alkyabba, dogon lauje a hannu, murya mai kauri, yana ƙoƙarin gane me ’yan Adam ke kira nishaɗi. Nan ’yan kallo suke ƙyalƙyalewa.