Tambaya da Amsa: Na Gama Waƙa, Ta Yaya Zan Sake Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Furodusa ya kammala haɗa waƙata ta farko. Ina so ta hau Spotify ranar Juma'a mai zuwa. Zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ranar dai ka zaɓa daidai, domin tun 2015 masana'antar waƙa ta tsayar da Juma'a ranar sakin sababbin waƙoƙi a duniya. Gaggawar ce matsala. Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa daga hannun mawaƙi, sai ta kamfanin rarrabawa irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Ka miƙa musu ita mako huɗu kafin ranar.

Ga dalili. A Spotify for Artists, wato shafin da Spotify ta ware wa mawaƙa, kana da damar gabatar da waƙa ɗaya ga editoci masu tsara jerin waƙoƙi, amma sai wadda ba ta fito ba, kuma aƙalla kwana 7 kafin fitarta. Idan ka yi haka, ko editocin ba su ɗauke ta ba, za ta shiga Release Radar na masu bin ka, wato jerin sababbin waƙoƙi da Spotify ke haɗa wa kowane mai sauraro. Da zarar ta fito, wannan ƙofa ta rufe.

Ka karɓi fayil ɗin WAV daga furodusa, mai ingancin sauti 16-bit da 44.1 kHz ko sama, ba MP3 da aka yi ta turawa a waya har sautinta ya dushe ba. Hoton bango ya zama murabba'i, mai girman pixel 3000 × 3000, kada ka sa masa lambar waya ko adireshin intanet, hakan na sa a dawo wa mutane da waƙa. Sunanka kuma ka rubuta shi iri ɗaya kullum. Harafi ɗaya ya sauya, sai a buɗe maka sabon shafi, ko waƙar ta faɗa shafin wani mai irin sunanka. Kamfanin rarrabawar zai ba waƙar lambar ISRC, wato lambar shaidarta, ka adana ta, da ita za ka koma wani kamfani ba tare da ƙidayar masu sauraro ta ɓace ba.

Abin da aka fi sakaci da shi: kafin ta fita, kai da furodusa da duk wanda ya sa baiti ku rubuta kason kowa ku sa hannu. Kafin kuɗi ya shigo kowa mai sauƙin kai ne.

Tambaya: Wani ya ce in biya shi ya samo wa waƙata sauraro dubu goma cikin mako guda. In yarda?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki yarda. Wanda ya yi miki alkawarin adadi, na'ura zai sa ta yi ta kunnawa. Spotify na ƙirga sauraro ne idan an kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 sai waƙa ta samu sauraro 1,000 cikin wata 12 take fara kawo kuɗi, shi ya sa wannan tayi ke da ruɗi. Amma idan aka gano, ana soke ƙidayar, a riƙe kuɗin, wani lokaci a sauke waƙar gaba ɗaya.

Gara ki yanko amshin waƙar, daƙiƙa 15 zuwa 30, ki fara sa shi a TikTok da Instagram mako biyu kafin fitarta, kowane bidiyo da salonsa. Bayan ta fito ki ci gaba aƙalla wata guda, ki duba wane yanki mutane suka fi ɗauka, ki mayar da kuɗin tallanki kansa.