Me ya sa ƙ da ɗ suke fitowa sirara a katin biki?

Tambaya: Malam, ina koyon aikin ɗab'i. Na haɗa katin ɗaurin aure, ƙ da ɗ suka fito sirara, ba su yi kama da sauran haruffa ba, mai katin ya ƙi karɓa. Maigidana ya ce in riƙa buga k in zana mata ƙugiya da kaina a manhajar zane ta CorelDraw. Haka ake yi?

Amsa: Ƙanena, zubin haruffan (wato font) da ka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ, shi ya sa kwamfuta ta aro su daga wani zubin. Duba da kyau: kaurin sandarsu daban, cikin ɗ bai kai tsayin cikin a da o ba, wataƙila ma ba su zauna daidai a layin da sauran suke zaune ba.

Maigidanka kuwa, ka girmama shi, amma kada ka bi wannan shawara. Kullum sai na ci karo da ita, har ta ishe ni. Wasu sun ɗauka ƙugiya ado ce da ake liƙa wa k. Ba haka ba ne. Ƙ harafi ne mai zaman kansa, da lambarsa a Unicode, tsarin da kwamfuta take gane haruffa da shi, haka ɓ da ɗ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Wanda ya zana harafin ya auna kaurin ƙugiya da na sanda, ya tsayar da ita daidai tsayin l da h, ya bar mata fili don kada ƙugiyar ɗ ta hau kan harafin da ke binta. A manyan haruffa ma wurinta ya sauya: ta Ɓ da Ɗ tana leƙowa ta hagu, ta Ƙ tana bisa hannun dama. Masu zanawa da hannu sau da yawa a nan suke kwafsawa. Sannan da zarar an gyara layi ɗaya, ƙugiyar ta tsaya inda aka ajiye ta, harafin ya yi gaba, baƙi ya koma baki a katin mutane. Masu buga k' da d' ma ba su tsira ba, domin wanda ya nemi kalmar a kwamfuta ba zai same ta ba.

Ka sauko da zubin haruffa irin su Charis SIL, Gentium, Andika ko Noto Sans, duk kyauta ne, kuma suna da haruffanmu. Kafin ka fara kowane aiki, buga Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ a zubin, har da mai kauri da mai karkata. Idan ɗaya ya bambanta, canza zubi. Ka kuma fitar da aikin a PDF kafin ka kai wurin injin bugawa.