Tambaya da Amsa: Maganin Toshewar Hanci, Nawa Ne Ƙa'ida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 4 mura ta toshe masa hanci, ko barci ba ya iyawa. Ina da ƙwayar pseudoephedrine da nake sha, zan iya ɓalla masa rabi? Ni kuma nawa ya kamata in sha? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ba shi, ko rabi ko kwata. Maganin yana buɗe hanci ne ta hanyar tsuke jijiyoyin jinin da suka kumbura a ciki, sai dai aikinsa ba ya tsayawa a hanci. Ga ƙaramin yaro yakan jawo bugun zuciya da sauri, rawar jiki da rashin barci, in ya yi yawa har da jijjiga. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan ba 'yan ƙasa da shekara 2 irin waɗannan magunguna, a 2009 kuma hukumar kula da magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta ce kada a ba 'yan ƙasa da shekara 6. Ki sayi ruwan gishirin hanci a kemis, ki ɗiga masa ɗigo biyu a kowane hanci kafin ya kwanta, ya fyace. In numfashinsa ya fara sauri ko yana ja da ƙyar, sai asibiti.

Ke kuwa, da duk wanda ya kai shekara 12, miligiram 60 ne bayan kowace awa 4 zuwa 6, kada ya wuce 240 a awa 24. Akwai mai miligiram 120 da ke narkewa a hankali, ana shan ta bayan awa 12. A haɗiye ta ɗungurungum, don in aka tauna, maganin awa 12 zai shiga jini lokaci guda. Ɗan shekara 6 zuwa 11 rabin na babba ne, miligiram 30, iyaka 120 a rana, shi ma da shawarar likita ko mai harhaɗa magani. In na ruwa ne a auna da sirinji, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne haɗa maganin mura biyu, alhali kowanne yana ɗauke da pseudoephedrine da farasitamol. Ki karanta jikin kwali. Mai hawan jini, ciwon zuciya, gulukoma (hawan matsin cikin ido) ko kumburin furostet (ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza), da mai ciki, su tambayi likita tukuna. Pseudoephedrine yana kuma rage ruwan nono.

Tambaya: Wata guda ke nan ina fesa maganin toshewar hanci mai suna oxymetazoline, da na daina sai hancin ya ƙara toshewa. Me ya jawo? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, feshin ne da kansa yake toshe maka hancin yanzu. Ƙa'idarsa fesawa 2 zuwa 3 a kowane hanci bayan awa 10 zuwa 12, na kwana 3 kacal. In aka zarce, da zarar ƙarfinsa ya sake sai jijiyoyin su kumbura fiye da da. Ka fara dainawa a hanci ɗaya, in ya warware ka bar ɗayan. Za ka sha wahala kamar mako ɗaya zuwa biyu. Likita na iya rubuta maka feshin sitiroid ya rage maka wuyar. Kwalbar kuma ka ajiye ta inda hannun yara ba zai kai ba, don ɗan kurɓi kaɗan in yaro ya haɗiya yana iya rage masa bugun zuciya har ya suma.